Yadda Za a Gyara Tafiyar da Rundunar Sikawut, Mataki-Mataki

Yawancin rundunonin sikawut da suka yi rauni ba rashin kuɗi ne ya kayar da su ba. Yara sukan shigo da ɗoki a farkon shekara, a ɗaura musu ƙyallen wuya, su haddace alkawari da doka, daga nan sai taron mako ya koma fareti da dogon jawabin shugaba. Ba a jima ba layi ya fara gajarta, kuma manyan yaran ne kan fara zamewa. Shugaba ya ƙara ƙoƙari, ya ɗauki dukan aikin a kansa, abin kuwa ya ƙara lalacewa, domin ɗaukar aikin nan da ya yi ita ce cutar.

A watan Agusta na 1907 Robert Baden-Powell, wanda ya kafa harkar sikawut, ya kai yara kusan 20 tsibirin Brownsea da ke kudancin Ingila, ya raba su rukuni huɗu, kowane rukuni yaro ne ke jagorantarsa. A kan wannan tsari aka gina harkar gaba ɗaya. A 2017, babban taron sikawut na duniya da aka yi a Baku, ƙasar Azarbaijan, ya zayyana ginshiƙan tarbiyyar sikawut guda takwas: alkawari da doka, koyo ta hanyar aikatawa, ci gaban kowane yaro gwargwadon ƙarfinsa, aiki a ƙananan rukunoni, tallafin manya, alamomi da sunayen da ke haɗa kan yara, zama cikin daji da halittu, da hidima ga al'umma. A lura da kalmar da aka ba manya: tallafi. Rabon aikin ke nan. Yara su riƙe shiri da gudanarwa, manya su riƙe tsaro da koyarwa. Duk matakan da ke ƙasa hanyoyi ne na tabbatar da wannan rabo.

Mataki na farko: agogo da rajista

Kafin a canza komai, a auna. A sami babba guda wanda ba ya cikin masu jagorantar taro, a ba shi agogo da takarda, ya zauna gefe a taruka uku a jere. Ya raba takardar gida uku: mintocin da babba ke magana, mintocin da yara ke tsaye a layi ko jiran a shirya kaya, da mintocin da hannun kowane yaro ke kan wani aiki. In gida na uku bai kai rabin lokacin taro ba, an gano inda matsalar take.

Sai rajista. Sunayen da ke littafi ba su ne runduna ba. Runduna ita ce yaran da suka zo aƙalla taro uku cikin huɗu. A jera su bisa shekaru, za a ga a wace shekara ake asarar yara. Waɗanda suka daina zuwa kuwa a neme su, amma kada shugaban da kansa ya tambaye su, don kunya za ta hana su faɗin gaskiya. A tura wani, da tambaya guda: "Wace rana ka fara jin ba ka son zuwa?" Amsar takan fi "me ya sa ka daina" fito da abin da ya faru, ko tsangwama ce daga wani yaro, ko rashin kaki, ko maimaita darasi ɗaya har ya gundure shi.

Mataki na biyu: a kafa rukunoni na gaskiya

Rukuni yara shida zuwa takwas ne. In bai kai biyar ba, ranar da biyu suka yi fashi ba sauran rukuni. In ya wuce takwas, masu shiru-shiru sai su ɓace a ciki, kuma yaro ɗan shekara 13 ba zai iya riƙe su ba. Wajen rabo, kowane yaro ya rubuta sunan abokai biyu a ɓoye, a tabbatar an haɗa shi da aƙalla ɗaya. Wasu shugabanni kan raba abokai da gangan don gudun surutu. Kuskure ne babba. Abota ce ke kawo yaro taro ranar da ya gaji.

Gauraya shekaru ya fi, wato babban yaro da ƙarami a rukuni ɗaya, domin ta haka fasaha ke sauka daga yaro zuwa yaro ba tare da babba ya buɗe baki ba. Sai dai kada a jefa sabon shiga shi kaɗai cikin tsofaffi. A saka su bibbiyu.

'Yan rukuni ne za su zaɓi shugabansu, da ƙuri'ar takarda a ɓoye, na wata shida, shi kuma ya zaɓi mataimakinsa. Wani lokaci za su zaɓi mai barkwanci su bar mai natsuwa. A bar su. Wata shida na rukuni mara tsari zai koya musu zaɓe fiye da kowace nasiha, kuma sau da yawa mai barkwancin yakan ba da mamaki in nauyi ya hau kansa. Sauran yaran kowa da aikinsa: mai kula da kaya, mai kula da girki, mai akwatin agajin farko, marubuci, ma'aji. A riƙa juya ayyukan duk bayan wata uku.

Kowane rukuni ya sami suna, da tuta, da kusurwarsa a wurin taro, da akwatinsa. A cikin akwatin a sa igiya takwas masu tsawon mita 2 da kaurin milimita 6 zuwa 8, an ɗaure ko an ƙone bakinsu don kada su warware, doguwar igiya ɗaya ta mita 10, kamfas biyu, taswirar yankin, bandeji mai kusurwa uku guda huɗu, usur, da littafin rukuni. A manna jerin kayan a cikin murfin. Mai kula da kaya ya ƙirga a ƙarshen kowane taro. Kayan da aka ce na kowa ne su ne ke ɓata. Wanda aka damƙa wa yaro da sunansa yakan daɗe.

Abubuwa uku ne kan kashe rukuni. Na ɗaya, a kafa shi a takarda amma duk lokacin wasa shugaba ya ce a ƙirga ɗaya-biyu a sake rabo. Duk wasa, duk gasa, duk aiki, a yi shi rukuni-rukuni. Na biyu, babba ya riƙa tsallake shugaban rukuni yana ba yara umarni kai tsaye. In yaro ya zo da tambaya, amsar farko ita ce, "Ka tambayi shugaban rukuninku?" In kuma akwai saƙo, a kira shugabannin rukuni a faɗa musu, su kai wa mutanensu. Na uku ya fi muni: shugaban rukuni ya zama ɗan kama-karya, yana sa ƙanana tsallen kwaɗo. A faɗa masa tun ranar zaɓe, a gaban kowa, cewa ba shi da ikon horo ko kaɗan. Ikonsa shi ne raba aiki, shi ma ya ɗauki nasa kason na wanke tukunya. Manya ma ba su da hurumin dukan yaro ko wulaƙanta shi a wannan harka.

Mataki na uku: majalisar shugabannin rukuni

Sau ɗaya a wata, na minti 45, shugabannin rukuni da mataimakansu su zauna, babban yaron runduna ya jagoranci zaman, wani ya rubuta abin da aka yanke. Kafin zaman, kowane shugaba ya tambayi rukuninsa abin da suke so. Babba yana zaune amma ba shi da ƙuri'a. Yana iya hana abu bisa dalili uku kawai: haɗari, kuɗin da babu, ko saɓa doka. In ya hana, ya faɗi dalili, ya tambaye su yadda za a gyara shawarar ta yiwu. Yaran da suka ce suna son kwana a kan dutse ba "a'a" suke buƙata ba; suna buƙatar a ce musu ga abubuwa huɗu da sai sun iya kafin a tafi. Nan take an sami darussan wata biyu, kuma su suka nema.

Zaman farko zai yi shiru, domin ba su saba a tambaye su ba. Kada babba ya cike shirun. A kawo musu zaɓi biyar su ɗauki biyu, a zama na gaba a rage, har su fara kawo nasu.

Majalisar ce za ta tsara shekara. A shimfiɗa kalanda, a fara toshe lokutan jarrabawa, hutu, bukukuwa da watannin da yanayi ke da tsanani. Sannan a sa fita guda kowane wata, ko ta yini ce, da kwanan sansani aƙalla biyu ko uku a shekara. Tarukan kowane wata su zama shiri ga fitar wannan watan. A sa kuma ƙarshen mako na uku na Oktoba, lokacin da 'yan sikawut na duniya ke gaisawa ta rediyo, abin da aka fara tun 1958, yanzu har da intanet.

Mataki na huɗu: taron mako

Minti 90 ya isa. Ga rabon da ke aiki: buɗewa da tuta da alkawari minti 5, kusurwar rukuni minti 15, inda ake kiran suna da shirin fita, koyon fasaha minti 25, wasa mai motsa jiki minti 15, gasar rukunoni minti 20, wadda za a yi amfani da fasahar da aka koya yanzu, sanarwa da rufewa minti 10. Masu zuwa da wuri a tanadar musu wasan da ake shiga a kowane lokaci. A fara a kan lokaci ko da yara biyar ne, a tashi a kan lokaci don iyaye su amince. Bayan an sallami yara, shugabannin rukuni su tsaya minti 10 su duba abin da ya tafi daidai, da kuma wa zai kawo me a mako mai zuwa.

Fareti yana da amfaninsa, yana koya tsayuwa da sauraro, amma minti 10 sau ɗaya ko biyu a wata ya wadatar, sai in biki ya gabato. Dalilin da ya sa yake cinye taro shi ne ba ya buƙatar shiri. Duk taron da ya koma fareti daga farko har ƙarshe, shugaban bai shirya ba ne. A guji kuma wasannin da ake fitar da wanda ya faɗi, domin ƙaramin yaro ne kullum ke fita da farko ya zauna kallo. Kowane taro ya kasance da shiri na biyu a aljihu saboda ruwan sama ko rashin zuwan mai koyarwa.

Koyar da fasaha hawa huɗu ne: ka bayyana amfaninta a taƙaice, ka nuna a hankali, su yi kana gyara musu, sannan ka janye su yi da kansu. A hawa na uku ake yawan yin kuskure, inda mai koyarwa ke karɓe igiyar daga hannun yaro ya ƙulla masa. Ka sa hannunka a baya, ka yi gyara da baki. In kana nuna ƙulli, ka tsaya gefen yaro kuna fuskantar wuri ɗaya, don in kuna fuskantar juna damarka hagunsa ce. Kowane yaro da igiyarsa. Igiya ɗaya ga yara goma kallo ne kawai. Mafi kyau, a koya wa shugabannin rukuni mako guda kafin taron, su kuma su koya wa nasu.

Ga misalin gasa da ke gwada ɗauri da gaske. A ba kowane rukuni sanda uku masu tsawon mita ɗaya da rabi, da igiya ta mita 4, da bokiti mai ruwa lita 5. Su jera sandunan gefe da gefe, su kama ɗaya ta gefe da ƙulli, su saƙa igiyar sama da ƙasa tsakanin sandunan zagaye biyar ko shida, su matse saƙar da zagaye biyu a kowane tsakani, su ƙulle, su buɗe ƙafafun, su rataya bokitin ya yi minti ɗaya bai zube ba. Rukunin da ya ɗaure da ƙarfi fiye da kima zai ga ƙafafun sun ƙi buɗewa. Wanda ya manta zagayen matsewa zai ga sandunan suna sulɓewa ruwan ya jiƙa musu takalma. Ba sai an yi musu bayani ba, kuma ba za su manta ba.

Game da bajo, wato alamar ƙwarewa da ake ba yaro: a gwada yaro shi kaɗai, da aiki, ba da haddar amsa ba. Wanda ya ci a ba shi bajonsa cikin mako ɗaya ko biyu, kada a ajiye sai bikin ƙarshen shekara, don wata takwas a wurin ɗan shekara 11 tamkar har abada ne. A kafa allon ci gaba inda kowa zai ga inda ya tsaya. Yaro mai naƙasa a sauya masa hanyar gwaji, a bar manufar yadda take. Kaki kuma kada ya zama shinge; ƙyallen wuya ya isa shaida, a kuma buɗe akwatin da waɗanda suka girma za su riƙa barin nasu ga na baya.

Mataki na biyar: kare yara daga cutarwa

Nan ba wurin sassauci ba ne, kuma ba aikin yara ba ne. A Fabrairun 2020 babbar ƙungiyar sikawut ta Amurka ta nemi kariyar kotu saboda karayar arziki sakamakon ƙararrakin cin zarafin yara, inda mutum fiye da 80,000 suka shigar da koke. Ƙungiyar sikawut ta duniya ta amince da manufar kare yara a taron Baku na 2017. Masu cutar da yara suna neman wurin da aka yarda da kowa ba bincike, saboda haka ƙa'ida ta hau kan kowa, har wanda ya kafa rundunar.

Manya biyu aƙalla a kowane taro da kowace fita. In ɗaya ne ya zo, a soke. Babba ba ya keɓewa da yaro inda ba a ganinsu, ko a ɗaki, ko a mota, ko a tanti. In magana ta sirri ce, a yi ta a gefen fili inda ake hango su. Babu saƙon waya tsakanin babba da yaro su biyu. A sa iyaye ko wani babba a ciki. A sansani manya da tantinsu daban, yara maza da mata daban, kuma waɗanda za su kwana tanti ɗaya kada tazarar shekarunsu ta wuce biyu. Inda akwai 'yan mata, dole a sami mace babba. Sabon ɗan sa-kai ya kawo mutum biyu da za su tsaya masa, a kira su da gaske, a yi binciken 'yan sanda inda doka ta tanada, ya yi wata uku yana aiki a gaban wani. A sa ido kuma kan abin da manyan yara ke yi wa ƙanana da sunan "gwajin shiga", musamman da dare.

In yaro ya buɗe baki ya faɗi wani abu, ka saurara da natsuwa. Kada ka yi masa alkawarin rufe maganar, kada ka yi masa tambayoyin da ke sa masa amsa a baki. Ka gaya masa ya yi daidai da ya faɗa. Ka rubuta kalmominsa yadda ya faɗe su, da rana da lokaci, ka kai rahoto a ranar ga jami'in kare yara na ƙungiya da hukumar da doka ta ɗora wa alhakin. Wanda ake zargi a dakatar da shi daga hulɗa da yara har a gama bincike. Binciken ba naka ba ne, sulhu a ɓoye don kare sunan runduna kuwa shi ke ba mai laifi damar komawa kan wani yaron.

Mataki na shida: sansani

A Agustan 2023 an yi babban taron sikawut na duniya a Saemangeum, Koriya ta Kudu, da mahalarta fiye da 40,000. Tsananin zafi, ƙarancin inuwa da matsalar banɗakuna suka sa tawagogin Birtaniya da Amurka suka bar filin, daga baya aka kwashe kowa saboda guguwa da ke tafe. Abubuwan da suka gagari wannan babban taro su ne dai ke gagarar sansanin yara 24: ruwa, inuwa, masai da hanyar ficewa.

Mako takwas kafin tafiya, manya biyu da shugabannin rukuni su je su ga wurin da idonsu. A duba inda ruwan sha yake, inuwa da tsakar rana, inda ruwan sama zai bi, ko waya na kamawa, da mintocin da mota za ta yi zuwa asibiti mafi kusa. Mako shida, takarda ga iyaye: wuri, ranaku, kuɗi, jerin kaya, sunayen manya. Mako huɗu, rukunoni su tsara abincinsu da jerin sayayya. Mako biyu, a kafa kowane tanti a fili a ƙirga turaku da sanduna. Ba da dare a daji ake gano tanti ba shi da turke ba. Mako ɗaya, a karɓi takardar izinin iyaye da bayanin lafiya: cutar da yaro ke da ita, maganin da yake sha, abin da jikinsa ba ya so, lambar waya biyu. Wanda bai kawo ba ba ya tafiya. A rubuta takardar haɗari mai gida huɗu: mene ne haɗarin, wa zai shafa, me za a yi don rage shi, wa ke da alhakin. Yawan manya kuwa a bi ƙa'idar ƙungiyar ƙasa. In ba a fayyace ba, babba ɗaya ga yara takwas, kuma kada su gaza uku, don in ɗaya ya tafi asibiti da yaro biyu su rage. Mota ɗaya ta kwana a sansani da direbanta.

Ruwa a lissafa shi da alƙalami. Hukumomin agaji suna ɗaukar lita 15 ga mutum a rana a matsayin mafi ƙaranci na sha da girki da tsafta. Yara 24 da manya 4 na kwana biyu lita 840 ke nan. Ruwan da ba a amince da shi ba a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana tafarfasa. Masai ya yi nisan aƙalla mita 30 daga rijiya ko rafi, a gefen da iska ba ta kawo wari, ɗaya ga mutum goma in da hali, da ruwa da sabulu a ƙofarsa, da fitila da dare. Yaron da ke tsoron masai yakan daina ci da sha don kada ya je, daga nan ciwo ke farawa.

Kada a kafa tanti a busasshen kwari ko ƙarƙashin busasshen reshe. Tsakanin wurin girki da tantin kwana a bar aƙalla mita 6. Ba a shiga tanti da gawayi ko risho, ko da wutar ta yi kamar ta mutu, domin iskar da ke fita daga gare su ba ta da wari kuma tana kashe mai barci. Bokitin ruwa da na yashi su kasance kusa da kowace wuta. Mai riƙe wuƙa ko gatari ya miƙa hannu ya zagaya, in zai taɓa wani to ya matsa.

Kowane rukuni ya dafa nasa. Abinci ya ƙone ko gishiri ya yi yawa ba komai, darasi ne. Abin da babba zai duba shi ne wanke hannu, nama ya dahu har ciki, da kada a ci dafaffen abincin da ya wuce awa biyu a ajiye ba sanyi.

Ga abubuwan da kowane babba da kowane shugaban rukuni zai sani da ka. Ƙuna: ruwa mai sanyi na minti 20, ba mai, ba man goge baki. Gudawa: lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a haɗa a sha, in babu haɗin gishiri da sukari na ƙunshi (ORS). Zafi: a tsayar da aiki mai nauyi da tsakar rana, a sa shan ruwa cikin jadawali, yaron da jikinsa ya yi zafi ya fara ruɗewa ko sambatu, a kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa, a yi masa fifita, a nufi asibiti nan take. Tsawa: a bar fili da gindin itace, a shiga gini ko mota, a jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe. Ɓata: yaro ya tsaya inda yake ya busa usur sau uku, ya riƙa maimaitawa. Ba mai zuwa ko'ina shi kaɗai, kowa da abokin tafiyarsa, a kuma ƙirga kai a kowane abinci, kowace tashi, da lokacin kwanciya. Iyo kuwa sai da ƙwararren mai ceto a bakin ruwa, an kuma gwada iyawar kowane yaro. In babu, ba a shiga. A tafiyar ƙafa a lissafa kilomita 3 a awa, jaka kada ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin yaro, mafi jinkirin tafiya ya kasance a gaba, babba ɗaya a can baya. A bar wa yara lokacin ibadarsu a jadawali, da awa ɗaya ta hutu wadda ba a tsara komai a cikinta ba.

An dawo, a shanya tantuna su bushe sarai kafin a naɗe, in ba haka ba su yi fumfuna. A taro na gaba kowane rukuni ya amsa tambaya uku: me za mu ci gaba da yi, me za mu daina, me za mu fara. A rubuta, a karanta kafin sansani na gaba.

Mataki na bakwai: manya da kuɗi

Rundunar da mutum ɗaya ke riƙe da ita takan mutu ranar da aka yi masa canjin wurin aiki. A raba nauyin: mai shiri da yara, ma'aji, mai kula da kaya, mai hulɗa da iyaye, mai kula da kare yara. Sanarwar "muna neman masu taimako" ba ta kawo kowa. A je wa mutum da buƙata ƙayyadadda: awa biyu, rana kaza, ya nuna wa yara yadda ake gyaran tayar keke. Da yawa daga shugabanni nagari ta haka suka shigo. Kowane shugaba ya yi horon ƙungiyarsa, har zuwa babban horon bajon katako da aka fara a Gilwell, kusa da Landan, a 1919, ya kuma riƙa sabunta takardar agajin farko. Kowane muƙami ya kasance da mataimakin da ake shiryawa.

Kuɗi a ajiye shi a asusun runduna da sa hannun mutum biyu waɗanda ba 'yan gida ɗaya ba, kowace sayayya da rasit, a karanta wa iyaye lissafi duk wata uku. A ware wani kaso a asirce don yaran da ba za su iya biyan kuɗin sansani ba.

Mataki na takwas: riƙe manyan yara

Ɗan shekara 15 ba zai zauna yana maimaita ƙullin da ya koya yana ɗan 11 ba. Tun farko an gane cewa kowane shekaru da irin shirinsu, shi ya sa aka buɗe sashen ƙanana a 1916, da na manyan samari a 1918. In akwai yara biyar ko fiye da suka kai 14 ko 15, a ba su rukuninsu da shirinsu: tafiyar kwana biyu da za su tsara da kansu daga taswira har kasafi, manya suna haɗuwa da su a wuraren da aka ajiye, ko aikin al'umma na wata uku wanda su za su gano buƙatar, su je su yi magana da masu ruwa da tsaki, su kawo rahoto. Taimaka wa ƙanana yana da kyau, amma kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na lokacinsu, in ba haka ba sun zama ma'aikata ba lada.

Wurin sauya sashe nan ne ake yawan asarar yara. A ɗaga su bibbiyu ko uku-uku tare da abokansu, su ziyarci sabon sashen sau uku kafin ranar, shugaban rukunin da zai karɓe su ya zo da kansa ya tafi da su. A kowane sashe kuma a kafa ƙa'ida ɗaya: yaron da ya yi fashin taro biyu a jere, shugaban rukuninsa ya neme shi a cikin makon, babba kuma ya kira iyayensa kafin taro na uku.